Littafin da Ke Bayan Kiwon Kaji

Kafin ta ajiye jaka, kafin ma ta kunna fanka, Maman Laburare sai ta zagaya kantocin littattafai tana zura hannu a bayansu. Ɗaliban kwalejin nan suna da wata dabara. Littafin darasi ya yi tsada, kwafi ɗaya ne ga aji guda, don haka wanda ya riga samu sai ya cusa shi inda ba mai dubawa, gobe ya dawo ya tarar da abinsa. Doka kuwa ta ce wanda aka kama, a karɓe katinsa na laburare har ƙarshen zango.

Mai sharar wurin ba ta manta ranar da Mama ta ritsa wata ɗalibar aikin jinya, da goyo a bayanta, tana tura littafin sassan jiki bayan littattafan kiwon kaji. Jarrabawa ta ƙarato, kuma ɗalibar ta taɓa faɗuwa. In katin ya tafi, karatunta ya ƙare ke nan.

"'Yata, kajin ne za su rubuta miki jarrabawar?" in ji Mama.

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. "Wallahi Mama, ba ni da halin saya."

"Na sani. Mayar da katinki, miƙo wayarki."

Nan take Mama ta saukar mata da wani littafi makamancinsa wanda marubutansa suka saki kyauta. Daga nan ta ɗauki littafin ta yi ta sintiri tsakanin ofishin malamin darasin da na shugaban kwaleji, har sai da aka sayi wanda ajin duka zai iya buɗewa a waya. Tun daga ranar, duk littafin da ta tsinta a ɓoye haka take yi masa. Nacinta ya kai malamai kan sauya hanya in sun hango ta.

Mama, ke ce kika gane cewa mai ɓoye littafi son karatu yake yi, hannunsa ne bai kai ba.

Makon jiya ta yi ritaya. Safiyar ƙarshe ta yi zagayenta kamar kullum, ko da yake an daɗe ba ta tsinci komai ba. A bayan littattafan kiwon kaji sai hannunta ya taɓa wani sabon littafi. Mai goyon nan ce ta rubuta shi. Yanzu malama ce a kwalejin, kuma ta sa shi kyauta a shafin intanet na laburaren. Ga ta tsaye a bakin ƙofa tana dariya.

"Mama, yau dai za a karɓe katin?"

Mama ta nemi kujera ta zauna, rungume da littafin.

Mun gode, Mama, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma masu riƙe da makullan laburare, in kuka kama mai ɓoye littafi, ku fara tambayarsa ko yana da waya.