Wardina da Ragon Oga

Har yau idan aka ce mini "ai fulawa ce kawai" sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Shekaru sun wuce, maigidana ya yi ritaya daga tuƙin motar ma'aikata, yara sun girma, amma maganar nan ba ta huce ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta ta, tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro, ko da yake sai da na haura arba'in.

Wardin nan, wato fulawa mai ƙaya da ƙamshi da na shuka a gidana, ba saye na yi ba. Lokacin da muke zaune a Durumi, ɗakinmu na jikin ɗakin wata mata 'yar Filato, Kirista, mai sayar da tsirrai a bakin titi ga masu sababbin gidaje. A lokacin Abuja ko'ina ka duba gini ake yi, kowane mai get yana son fure a ƙofarsa. Ita ce ta ja ni ajin yaƙi da jahilci, ta ce kunya ba ta karanta wa mutum takardar asibiti. Wata rana ta yanko reshe ɗaya daga uwar wardin da ta zo da ita daga garinsu, ta soka shi a bokitin fenti, ta miƙo mini. Ta kuma yage takarda ta rubuta mini yadda ake kula da shi, da Hausarta ta 'yan Filato wadda ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Maman yara, ba zan karanta maka ba. Ranar da ka iya, ka karanta da kanka."

Wata bakwai na yi kafin in iya. Takardar nan ita ce abu na farko da na karanta a duniya ba malama a kaina. A zuba ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Ban da ruwan sabulu. Kashin shanu sai ya bushe. Idan ƙwari sun taru a toho a barbaɗa toka. Layin ƙarshe kuma: idan za a yanke, a sa wuƙa mai kaifi, a yanke a karkace, sama da ido kaɗan, domin reshen da ya dagargaje ruɓewa yake yi.

Da rusau ya zo Durumi, kowa ya kama gabansa. Ita ta koma garinsu, ban sake jin ɗuriyarta ba. Mu muka koma Dutse Alhaji. A bayan akori-kura, katifa da tukwane suna can an ɗaure, ni kuwa bokitin fenti na rungume a cinya, ƙaya tana sukar haɓata har muka isa.

Tsakar gidanmu na Dutse bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ƙasarsa ja ce mai tauri kamar bulo. Da taɓarya na fasa ta. Na ɗebo baƙar ƙasa daga bakin rafi a kaina, na roƙi wani mai motar shanu ya kawo mini taki daga Dei-Dei, na shanya shi har makwabta suka yi ƙorafi. Ruwan wankin shinkafa ban taɓa zubar da shi a kwata ba. Gara ta taso masa sau biyu, na yaƙe ta. Layin ƙarshe na takardar ne kaɗai ban taɓa bi ba, don hannuna ba ya iya sa masa wuƙa. Shekara huɗu, ya kai mini ƙirji, rassa huɗu manya. A shekarar da nake magana damina ta ɗauke ke nan, ya yi furanni jajaye masu duhu, wasu sun buɗe, wasu suna dunƙule.

Sai ga Babbar Sallah. Ogan maigidana ya yi masa kyautar rago, wani ƙaton Uda, rabi fari rabi baƙi, wanda sai da mutum biyu suka sauko da shi daga mota. Tunda muka yi aure ba mu taɓa yanka irinsa ba. Maigida ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya wanke shi da sabulun wankansa, ya ɗaure shi a ƙarfen tankin ruwa, ya bar ƙofa a buɗe don masu wucewa su gani.

Na auna igiyar da idona, na ce, "Malam, ka ga tsawon nan? Kada ka ƙara ko taki ɗaya."

Ya ce, "To, Hajiyar fulawa. Mun ji dokar gwamnati."

Na ce, "Ba wasa nake ba."

Ya ce, "Wa ya ce wasa kike? Rago mai hankali ne, daga gidan oga ya fito."

Kwana uku ina gadi. Ranar Sallah da safe na shirya yara muka riga maigida fita zuwa Idi, don sahun mata yana cika da wuri. Shi ya tsaya. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ya ga rana za ta bugi wurin tankin kafin mu dawo, kuma bai kamata dabbar da za a yi ibada da ita ta sha wahala a ranarta ta ƙarshe ba. Sai ya kwance igiyar shanyata ya ƙara a kan ta ragon, don ya kai inuwar katanga. Inuwar katanga kuwa nan wardina yake. Ya san da haka. Kullum a gefensa yake alwala.

Da na dawo daga Idi na turo ƙofa, abin da na fara gani jan abu ne a leɓen ragon. Yana tauna a hankali, yana kallona. Fure ko ɗaya babu. Ganye babu. Rassan nan huɗu ya kakkarya su, ya ɓare musu bawo, ya tattake gindin, ɗaya ma ya tsage shi har ƙasa. Ƙayar da nake taƙama za ta kare shi ko a jikinsa.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga yaran sun maƙale a bango. Maigida ya shigo da wansa, wanda shi ke yi mana yanka kowace shekara. Wan ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Kai, ragon nan ya yi buɗa-baki da abin manya! Amarya, yi haƙuri, ai ciyawa ce."

Na ce, "Yaya, da kai ka ɗauko ƙasarta a ka, da ba ka ce ciyawa ba."

Maigida ya ce, "Ke, yau fa Sallah. Ki rage murya, mutane na ji. Miya ake yi da ita? In fulawa ce, gobe in tsaya a bakin titi in sayo miki goma."

Goman nan ta fi komai ƙona mini rai. Mutumin da ya ga na rungume bokiti daga Durumi, ya ga jini a haɓata, shi ne yake ce mini goma. A bakin wane titi zai samo wadda ta ba ni?

Aka yi yanka, aka feɗe, aka rataye. Kamar kowace shekara, aka turo mini kayan ciki a baho, don wankin tumbi da hanji aikin mata ne, kuma su ake fara ci ranar farko. Na tsuguna bayan tanki na tsaga tumbin. Ga su nan. Cikin koren dusa da harawa, ga jajayen furannina, wasu ko taunawa bai yi ba, har da wani toho guda a dunƙule yadda na bar shi da safe. Makwabciya ta leƙo yi mini barka da Sallah, ta gan ni da toho a hannu ina hawaye, ta ce, "Haƙuri, maman yara." Na ce ta ajiye haƙurinta, na ƙoshi da shi tun safe.

Ban zubar da abin cikin tumbin a bola ba. Na haƙa rami can nesa kaɗan da gindin, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa, na binne shi duka. Abin da ya ci mini sai ya biya. Sannan na wanke hannu, na buɗe akwati na ɗauko takardar nan, na karanta layin ƙarshe sau biyu.

Wuƙa mai kaifi a gidan guda ɗaya ce, wadda maigida ya yi kwana biyu yana wasawa. Na je gabansu suna zaune a tabarma na ɗauke ta.

Ya ce, "Ina za ki da wuƙar layya?"

Na ce, "Yanka zan yi. Ku kun yi naku."

Na durƙusa na nemi ido a kowane kututture, wannan ɗan ƙullin da toho ke fitowa. Na yanke a karkace, ƙasa da inda haƙori ya taɓa. Abin da ya kai mini ƙirji ya koma bai fi tsawon tafin hannuna ba. Ban bar dagargajajjen wuri ko ɗaya ba. Na shafa toka, na kifa tsohon kwando.

Naman kuwa na soya shi washegari, don ba zan bar yara da kunya ba. Na ci yanka ɗaya na hanta saboda sunna. Bayan wannan ko romonsa ban taɓa ba har ya ƙare.

Mako uku ina ɗaga kwando kowace safiya. Kututture uku suka yi baƙi suka bushe. Na huɗun, wani siriri da ban sa masa rai ba, ya fito da ɗan jan toho kamar ƙwayar gero. Maigida ya tsaya a kaina da butarsa, ya ce, "Kin gani? Ashe aski yake so. Ragon oga ya yi miki aiki."

Na ce, "Malam, matsa. Kana tare masa rana."

Wardin yana nan, daga reshe ɗayan nan ya sake tashi, kuma yanzu duk shekara ina yanke shi da hannuna. Haƙuri dai har yau maigida bai ba ni ba, ni ma ban ce na yafe ba. Amma tun daga wannan shekarar, ragon layyarmu a gidan wansa yake kwana, a can ake yanka shi. Nama kaɗai ke shigo mini gida.