Ranar da Na Rufe wa Surukina Hanya

Aikin shingen ruwa wahala ce, ba wanda ke gode maka. Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin hanyar jar ƙasa da ta tashi daga Gaya ta nufi Karakara. Ku sababbi ku gane: in an yi ruwa, ana sauke ƙarfe a sa kwaɗo, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta tsane. In ka bar ta, tayoyinta su yi wa hanya rami, ƙauyuka su yanke har kaka. Shef, shugabanmu a wurin aiki, shi da kansa bai isa ya ce ka buɗe ba.

Akwai wata Talata cikin watan takwas da ba ta fita raina. Ruwa ya ɗauke da hantsi, na rufe. Da azahar sai ga mota maƙare da buhunan taki. Wanda ya sauko daga gaba surukina ne, Alhaji Mamman, uban matata. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa cikin taɓo.

Ya ce, "Kai ne a nan? Alhamdu lillahi. Ɗaga mana, gero na jiran taki."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Sai gobe."

Direbansa ya tuntsire da dariya. "Alhaji, ashe ƙarfe ka ba 'yarka!"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranar da ka zo neman aure, sai gobe na ce maka?"

Ban ɗaga kai ba. Makulli yana aljihuna kamar garwashi. Na san in ya yi fushi, matata Hadiza na iya kwana gidansu a makon nan. Na dai sake cewa, "Baba, ƙasa ba ta tsane ba."

Ya juya, ya hau kabu-kabu ya koma gari, ko sallama babu.

Abin da na koya ke nan: baƙo ba ya gwada mai shinge, naka ne ke gwada ka. In ka ɗaga wa naka sau ɗaya, ka gama aiki.

Da safe na taka hanya da dunduniya, ta yi tauri. Na ɗaga ƙarfe, motarsa ce ta fara wucewa. Sannan na wanke ƙafa, na tafi ƙofar gidansa na durƙusa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce a kawo mini fura.

A gabansa na shanye ta.