Kiran Amram daga Maroko

Ni akawu ne a wani kamfanin gine-gine a Riyad, takardun ma'aikata ne aikina. Ta nan na san Almustafa Buraima, mai aikin lantarki, mutumin Gusau. Daga baya muka zama maƙwabta a unguwar Al-Shifa, ƙofarsa na kallon tawa.

Tun yana saurayi yake da irin rediyon nan da mutum kan yi kira da shi a amsa masa daga wata ƙasa. Shi ba da baki yake magana ba. Wani ɗan maɗanni yake ƙwanƙwasawa, gajere da dogo, abin da suke kira Mos. A haka ya haɗu da Amram, wani Bayahude mai gyaran agogo a Faransa. Sun fi shekara ashirin suna hira ba su taɓa ganin juna ba. Juma'a da la'asar suke haɗuwa, domin da rana ta faɗi Amram ba ya taɓa na'ura sai Asabar ta wuce.

Da Almustafa ya zo Riyad, hirar ta tsaya. Yin kira sai da lasisi, neman lasisin kuma sai da sa hannun manaja. Ni na cike masa takardar na kai. Kullum amsar manaja ɗaya ce: bukra, wato gobe, in sha Allah. Almustafa yakan kunna rediyon ya saurara, amma bai taɓa danna maɗannin ba.

Ana nan sai 'yar Amram ta aiko da saƙo. An yi wa mahaifinta aiki a maƙogwaro, murya ta tafi, ido ma ya yi rauni. Yatsun ne kawai suka rage. Zai bi 'yan majami'arsu zuwa Maroko ziyarar kaburburan kakanni, ya kuma samu izinin tafiya da ƙaramin rediyonsa. Ranar Juma'a zai kira daga saman otal.

Ranar na shiga na tarar Almustafa ya sa sabuwar riga. Matarsa Nazira ta ajiye mana shayi tana dariya.

"Malam Zayyanu, ka ga angon? Ko ranar aurenmu bai yi wannan kwalliyar ba."

"Ke dai bar mu," in ji shi. "Babban baƙo nake jira."

Rediyon na ta shuu, can sai wani siririn sauti ya ɓullo. Ni ban gane komai ba. Almustafa ya miƙe zaune.

"Shi ne. Hannunsa ne. Ka ji yadda yake jan na ƙarshe? Sunana yake kira."

Ya kai hannu kan maɗannin. Nazira ta daina dariya.

"Baban Marwa, in aka gano fa? Iƙamarka ce ta zama a ƙasar nan, da tawa, da makarantar yarinyar nan."

Ya juyo gare ni. "Akawu, kai ka san takarda. Kalma ɗaya tak. In ce masa na ji."

Na gaya masa abin da na sani, cewa kiran da ya kai Maroko zai kai kunnen hukumar da ke kusa ma, kuma kamfani ba zai tsaya masa ba.

Ya janye hannun ya cusa a ƙarƙashin cinyarsa. Tsohon ya yi ta kira. Yakan tsaya ya ba da dama a amsa, sannan ya sake. Wasu daga wasu ƙasashe suka amsa masa, ya gaishe su a gajarce ya koma kiran Almustafa. A hankali ƙwanƙwasar ta fara tuntuɓe. Almustafa yana fassara mini, hawaye na sauka kan sabuwar rigar.

"Ya ce iska ba ta da kyau yau. Ya ce ba laifina ba ne."

Daga nan sai shuu kawai.

Almustafa ya tura wa 'yar Amram saƙo ya bayyana komai. Amsa ba ta zo ba sai bayan su Amram sun koma gida. Amram ya kwanta asibiti da saukarsu, bai fito ba, a can ya rasu. Ta ce ta karanta masa saƙon, amma ba ta da tabbacin ya ji.

Almustafa bai fasa zuwa aiki ba, ba ya makara. Da na ce zan sake tuna wa manaja batun lasisin, sai ya girgiza kai.

"Bar shi, akawu. Wa zan kira?"