Alluna Bakwai da Baffa Ya Cika

Har yau in na tuna allunan nan sai zuciyata ta yi zafi. Ina shekarar ƙarshe a sashen zane na wata kwaleji a Sakkwato, aka ce kowa ya kawo aikin kammalawa wata ranar Litinin, bayan wata biyu. Malaminmu ya gama cusa mana wani salo da ake kira minimalizim: ka yi ta cirewa har sai abin da ba ya ciruwa ya rage. Ni kuwa abin ya shige ni sosai.

Na sayi sababbin alluna bakwai, na goge su sumul. A kan kowanne na ja layi ɗaya tak da tawada, daga sama zuwa ƙasa, kowane layi ya ɗan gota na baya. Wata biyu ina auna wannan gotawar! Gidanmu na Boɗinga awaki ba sa barin komai, don haka na kai su garin Shagari, zauren Baffa, yayan mahaifina, wanda ke karantar da allo. Na jingina su a bango, na ce kada a taɓa.

Ranar Lahadi na hau babur na je ɗauka. Innalillahi! Duk bakwai ɗin an cika su da rubutu, baƙi ƙirin, har gefe.

"Baffa, Allah shi gafarta Malam, wa ya yi wannan?"

Ko ɗagowa bai yi ba, yana fiƙe alƙalami. "Ni na. Na ga ka aza alihi ka tsaya, allo bakwai, alihi guda-guda. Na ce yaron ga boko ya cinye mai hannu. Shi na na ƙarasa ma."

"Ba alif ba ne, Baffa! Layi ne!"

"Layin mi?"

"Layi kawai."

"Tawada bisa allo, tsaye, ka ce ba alihi ba? To mi na na?"

Ga takaici, ga ba dama ka ɗaga wa Baffa murya. Wankewa ma ba ta yiwuwa, sabon allo ya riga ya sha tawada, kuma ayoyi ne, ba zan kankare su ba. Na ɗaure su a bayan babur, ina tafe ina huci har gida.

Litinin na jera su haka nan, ina jiran faɗuwa. Malamin ya daɗe a tsaye yana kaɗa kai. Sai ya kira 'yan aji, ya ce su zo su ga ɗalibin da ya wuce kwaikwayon Turawa, ya bar gadon gidansu ya haɗiye layinsa. Ya ba ni makin da ya fi na kowa.

Ban faɗa masa gaskiya ba, na karɓa. Wannan shi ya fi ci mini rai. Aikina na gaskiya ba wanda ya taɓa ganinsa sai Baffa, shi kuma ya ɗauka ban iya rubutu ba ne.