Ranar da Goshina Ya Taɓa Ƙasa a Kwarin Matamaye

Aikin tilas na Nasara wahala ce tsagwaronta, duk wanda ya ce muku ya ji daɗinsa to bai yi shi ba. Ni na yi, wata huɗu cur a Matamaye, a shekarun da Faransa ba su daɗe da zama Damagaram ba, suna fasa hanya ta Kance. Mu takwas mai gari ya tsinto daga ƙauyenmu can wajen Kurni, sauran aka ba su gatari da kwando, ni kuwa da yake ina da kafaɗa sai aka ce ruwa zan riƙa ɗebo wa masaukin kwamanda. Ni ba malami ba ne, izu uku na yi na bari, don haka abin da zan gaya muku ba daga littafi na ciro shi ba. Wallahi tallahi ni ya faru da ni, kuma da rana tsaka, ba barci nake ba.

Sai kun san yadda gaisuwa take a lokacin kafin ku gane. Mu dama in sarki ya zo wucewa a tuɓe takalmi a durƙusa, wannan kowa da shi ya tashi. To da Nasara suka zo sai gardinsu, wato dogaransu, suka ƙara gishiri, in ka hango farin kaya da farar hular kwamanda, ko me ke kanka ka sauke ka zube, in ka yi nawa bulala ce. Kwana tara kafin abin nan na yi nawa, tulu na neman kuɓuce min, wani gardi ya zuba min dorina a kafaɗar dama har ta fashe. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi ruwa, ƙuda na bina, kullum da tsumma nake rufe shi. Tun daga ranar jikina ya koyi abu guda, in na ga fari ba na jiran tunani, ƙasa nake yi. Shi kuwa Malam Idi, limamin da ke ja mana salla a bakin aiki, ya sha ja mana kunne cewa in an tilasta mu mu sa gwiwa, amma kada wanda ya yarda goshinsa ya taɓa ƙasa don wani mahaluki.

Ranar bazara ce, irin zafin nan da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Na gangara kwari inda rijiyar take tsakanin garkar rake da itatuwan dabino, na cika tulu, na juyo, ba kowa, masu garka duk sun tafi gida. Ina zuwa wajen wani gawo sai na ji ƙara kamar ta ruwa, irin in kwari ya kawo da damina, alhali rabonmu da ko yayyafi an yi wata shida. Na ɗaga kai sai ga fari a gabana. Ai ban tsaya kallo ba, na ce kwamanda ne, na saki tulu ya fashe, na zube, kuma don ina kare kafaɗar nan mai ciwo ban dafa da hannu ba, sai goshina ya tafi ƙasa gaba ɗaya.

A ɗan kallon da na yi kafin in faɗi, abin da na gani ya ishe ni har in mutu. Riga ce fara har ƙasa, da ɗamara ruwan zinariya a ƙirji, ba a ƙugu ba. Gashin kansa fari fat kamar kaɗar da aka saɓe, amma ba tsoho ba ne. Idon kuwa ba ya kalluwa. Ina kwance abin da nake iya gani ƙafafunsa ne, ba takalmi, suna ja suna sheƙi kamar tagullar da maƙeri ya ciro daga wuta yanzu. Ban ji ya ce komai ba, sai ƙarar ruwan nan. Can na ji an ɗora hannu a kafaɗata, daidai kan ciwon, wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Da na ɗago ba kowa, sai gutsattsarin tulu da rana.

Haka na koma masauki hannu wofi. Kukun kwamanda wani mutumin Dahomai ne, Kirista, sunansa Zozef, mu dai Kuku muke ce masa. Mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba, yakan ajiye min ƙanzon shinkafa. Hausarsa a karkace take, ni ne nan nake gyara muku.

Ya ce, “Mai ruwa, ina tulu? Da yawu zan yi wa kwamanda miya?”

Na ce, “Kuku, bar zancen miya, na yi gamo.”

Na fara ba shi labari, ina kai wajen ɗamara sai ya ajiye wuƙar hannunsa. Ya ce, “Gashinsa fari?” Na ce fari. Ya ce, “Ƙafarsa kamar ƙarfe cikin wuta? Da ƙara kamar ruwa mai yawa?” Alhali ban kai wurin gashi da ƙafa ba tukuna, ƙarar ma ban gaya masa ba. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani ɗan baƙin littafi da ya sha hannu, ya buɗe can ƙarshensa. Ya ce a nan akwai labarin wani tsoho da aka tsare a tsibiri, aka nuna masa abubuwan ƙarshen duniya, kuma wanda ya fara bayyana gare shi kamanninsa ke nan. Su Kiristoci a wajensu Annabi Isa ne, kuma suna cewa Ɗan Allah ne. Na ce a'uzubillahi, Allah bai haifa ba.

Ya ce, “Ba gardama na kira ka ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ka faɗi, ya hana ka? Ya ce tashi, kada ka yi?”

Na ce bai ce ba.

Sai ya gaya min abin da ya hana ni sakat har yau. Wai tsohon nan ya faɗi gaban mala'ika, mala'ikan ya tsawata masa ya tashe shi, don shi ma bawa ne. Amma da ya faɗi gaban wannan mai farin gashin ba a hana shi ba, hannu aka ɗora masa. Ya ce da wannan suke kafa hujja, bawa ba ya karɓar sujada, shi kuwa ya karɓa.

Na ce, “Ni kwamanda na ɗauka, tsoron dorina ne ya kayar da ni.”

Ya ce, “To buɗe kafaɗar mu gani.”

Na yaye tsumman. Ciwon da ke ruwa da safe ya bushe ƙaf, sai tabo mai santsi kamar na shekara. Kuku ya zauna a kan turmi yana share ido, ni kuwa ba murna na yi ba, tsoro na ji, don ji na yi kamar an biya ni ladan abin da ban yi niyyar sayarwa ba.

Da Magariba na bi sahu, da aka je sujada wallahi wuyana ya ƙage, ina sa kai ƙasa ƙafafun nan nake gani a gabana. Ana sallamewa na tare Malam Idi.

Na ce, “Allah gafarta Malam, in mutum ya sa goshi a ƙasa don wanin Allah, ya fita daga Musulunci?”

Ya sa na ba shi labarin duka. Ya ja tasbaharsa, sannan ya ce, “Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba zai nemi sujadarka ba. Kwari kuma da rana tsaka ba a rasa masu wurin, suna iya ɗaukar kowace kama. Abin da ka gani ni ban san shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma niyya ake dubawa. Da niyyar bauta ka faɗi?”

Na ce a'a. Ya ce to in yi wanka, in sake kalmar shahada, in daina bin kwari ni kaɗai.

Ga abin da ban gaya wa Malam ba, ku ne na farko da na gaya wa. Gaskiya ne tsoron dorina ne ya kayar da ni. Amma tun da na ga ƙafafun nan na san ba kwamanda ba ne, kuma ban tashi ba. Ba riƙe ni aka yi ba, ni ne ban so tashi ba. Wannan ɗan zaman shi nake roƙa wa gafara shekara da shekaru, kuma ban san a wane ma'auni za a sa shi ba. Ni Musulmi ne, a kan haka nake fata in cika, amma wane ne ya tsaya a gindin gawon nan, ban sani ba, kada wani ya tambaye ni. Abin da zan ce muku kawai, kada ku bari tsoron mutum ya saba wa jikinku da faɗuwa, don ranar da abin da ba mutum ba zai tsaya gabanku, jikin ba zai yi shawara da ku ba.

Washegari na yi wanka, na yi Asuba, na sa goshina a ƙasa da ƙarfin hali na daɗe ban ɗago ba. Na ari tulu wajen Kuku. Na gangara kwari, na tsaya a gindin gawon a kan ƙafafuna, na yi sallama, na faɗi kalmar shahada da ƙarfi. Ba wanda ya amsa. Na ɗebi ruwana na hauro, sai ga kwamanda na gaskiya a kan doki da gardinsa. Na sauke tulu a hankali, na sa gwiwa, na bar kaina a sama. Gardin nan dai da ya fasa min kafaɗa ya ce raini ne, ya zuba min uku a kan kafaɗar dama. Na ji ƙarar dorinar, amma ban ji zafi ba, ko shati bai fito ba. Na ɗauki tuluna na kai wa Kuku ruwa.