Ɗakin da Aka Gina a Kan Amanata

Ranar wata Litinin cikin watan Fabrairun 1977 na dawo daga makaranta da azahar, ina sauri in duba ɗan lambuna kafin Inna, mahaifiyata, ta ɗora mini tallan gyaɗa. Tun daga zaure na jiyo ƙarar diga da hayaniyar maza a bayan gida. Da na zagaya sai na tarar babu shingen ƙaya, babu rumfar zana, babu fangalin da na yi wata da watanni ina wa bauta. Magina sun ja igiya sun haƙa harsashin gini, wani ƙato yana cuɗa ƙasa da ƙafa har da 'yar waƙarsa, akuyar Inna kuwa tana gefe tana tauna, saiwa na lilo a bakinta. Shekarata goma a lokacin. Yau ina da jikoki, amma in na tuna akuyar nan sai takaici ya kama ni.

Gidanmu yana unguwar Magajiya, kuma a lokacin Abuja ake kiran garinmu, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni a bar mu da Suleja. Babban gida ne na gado, maigidan kuwa Baffa Isyaku, yayan mahaifina, manomin dawa da doya wanda ko a masallaci in ana gardamar yaushe za a yi shuka, maganarsa ce ƙarshe. Mahaifina direba ne, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba, saboda haka komai namu a hannun Baffa yake. A ɗakin kusa da rijiya akwai 'yan haya, wani makanike mutumin Jos da matarsa mai ɗinki, wadda muke kira Maman Dung. Kirista ce, siririya, mai yawan dariya, kuma ita ce ta fara yi mini ɗinkin rigar makaranta. In na gama shara da wanke-wanke, sauran yara na can suna carabke da 'yar gala-gala, ni ina zaune gindin keken ɗinkinta ina tsince ƙyallaye.

Ita ce ta zo da shukar daga Jos, a cikin tsohon gwangwani, bayan rasuwar mahaifiyarta. Tsohuwar ta yi aikin lambu a gidan wani Bature, daga can ta samo ta, ta yi ta rainonta har ƙarshen rayuwarta. Da aka raba kayan mamaciya kowa ya ɗauki zane da kwano, Maman Dung ta ɗauki gwangwani. Sitiroberi take ce masa, mutanen gidanmu kuwa da suka kasa lanƙwasa harshe sai suka raɗa masa tumatirin Jos. Kowa ya ce ba zai yi ba, zafin garinmu zai dafa shi. Ta roƙi Baffa ɗan wuri a gindin mangwaron bayan gida, inda rana ke leƙowa da safe kawai, ya ba ta yana dariya, ya ce abin da ba ya shiga tukunyar miya ai wasan yara ne.

To, wasan yaran nan ya fi noman doya wuya. Mun ɗaga ƙasa muka yi fangali don kada ruwa ya kwanta, muka cuɗa ta da tsohon kashin awaki wanda ya riga ya huce. Ta koya mini kada in binne masa wuya in zan dasa, kada kuma in watsa ruwa a kan ganye, sai a gindi, da sassafe da kuma yamma, ruwan ma na randa mai sanyi. Muka kafa rumfar zana, muka zagaye da ƙaya saboda kaji da awaki, muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa su ruɓe, muka barbaɗa toka saboda dodon koɗi. Ƙadangaru kuwa sai da na zama mai gadinsu, don da zarar abu ya fara ja sun hango. Ranar da na fara sa ɗaya a baki, zaƙi da tsami suka haɗu mini lokaci guda, ga wani ƙamshi da ban taɓa ji ba, Maman Dung kuwa tana ta ƙyalƙyala dariya.

Abu ɗaya ne ta fi nanata mini. Ta ce wannan shukar aure aka yi mata, iri biyu aka haɗa aka same ta, don haka ƙananan ƙwayoyin da ke manne a jikin 'ya'yan ba abin dogaro ba ne. "Kamar alfadari ne," in ji ta, "yana da ƙarfi, amma ba ya haihuwa." Hanyarsa ɗaya ce. Uwar takan miƙo wani siririn yaɗo, a ƙarshensa ɗan tsiro, sai a danne shi a ƙasa da tsinke a bar shi yana shan nonon uwa har ya yi saiwa, sannan a yanke. Cibiya take kiran yaɗon. "Kada ki yanke cibiya sai ɗa ya tsaya da ƙafarsa." Na haddace wannan fiye da yadda na haddace lissafin sau.

Da cikinta ya tsufa, mijinta ya kai ta Jos ta haihu a wurin 'yan'uwa. Ranar tafiya ta kama hannuna ta kai ni gindin mangwaro, ta gaya mini cewa lambun mahaifiyarta na can an riga an share shi, waɗannan ne kaɗai suka rage a duniya daga hannun tsohuwar. "Hajara, amana na ba ki," ta ce. Ba a taɓa ba ni amanar ko allura ba kafin ranar. Na riƙa tashi tun kafin kaji su sauko, in ja guga har tafin hannuna ya yi kanta. Na sha bulala a makaranta saboda latti, na sha faɗan Inna saboda na rage ruwan randa, ban damu ba. Lokacin sanyi ya zo, suka yi fure fari fat, suka zuba 'ya'ya, uwayen suka fara miƙo cibiyoyi, ni kuwa ina bin su da tsinke ina dannewa.

A wannan lokacin ne garinmu ya fara cika da baƙi. Tun da aka ce za a gina babban birnin ƙasa a kusa da mu, masu awo da direbobi da leburori suka riƙa sauka a tasha suna neman wurin kwana, kowane maigida ya shiga auna bayan gidansa da ido. Wata Lahadi da yamma Baffa ya shigo lambun da tsumma a hannu. Ya tsinke duk 'ya'yan da suka nuna, ya murtsuke su a kan tsumman, ya barbaɗa toka ya shanya a kan danga, daidai yadda yake yi wa tumatir da gauta kowace shekara. Ya ce ɗaki za a yi a wurin, amma in kwantar da hankalina, ga iri ya ɗebar wa baiwar Allah, ba zai ci haƙƙin baƙuwa ba.

Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baffa, wannan ba ya fitowa ta iri. Ta cibiya yake haihuwa, kuma 'ya'yan ba su yi saiwa ba tukuna." Ya dube ni kamar kaza ce ta yi magana. Ya ce tun kafin a haifi ubana yake ajiye iri, bai taɓa ganin abin da Allah Ya yi wa ƙwaya ya hana shi tsiro ba. Sannan ya kawo maganar da manya ke rufe bakin yara da ita: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Wallahi har yau maganar nan tana ƙona mini rai. Ni wane rimi zan hau? Abin a ƙasa yake, ni ce kullum a tsugune a gindinsa, shi kuwa bai taɓa sunkuyawa ya dube shi ba sai ranar. Na gudu wurin Inna ina kuka, ta ja kunnena ta ce ba a musu da babba, kuma in na sake ɗaga murya a gaban Baffa sai ta karya ni. Da na matsa da roƙo a ba ni lokaci in kwashe shukokin a tsofaffin tukwane, Baffa ya ce ginin ai ba yau ba ne, ba gobe ba. Washegari magina suka zo.

Ba na ce ya yi mini ƙarya da gangan ba. Magina ne suka samu sarari, shi kuwa alkawarin da aka yi wa yarinya bai kai abin da za a tuna ba, kuma wannan ya fi ƙaryar ciwo. Na ƙwato guda ɗaya daga bakin akuya, rabinsa a tauna, na dasa a fasasshen tulu na ɓoye a bayan randa. Ya yi ta fama har zafin bazara ya shigo, wata safiya na tarar ya kwanta.

Maman Dung ta dawo gab da faɗuwar ruwa, da jaririya a baya. Ko kaya ba ta gama saukewa ba ta nufi bayan gida, ni kuwa ina biye da ita kamar wadda za a kai wa alƙali. Ta tsaya a gaban sabon ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti, tana kallon inda lambun yake a da. Sai ga Baffa da fara'arsa, ya yi mata barka, ya ciro tsumman daga aljihu ya miƙa mata, ya ƙara da cewa saboda mutuncinta da na mijinta, su ya zaɓar wa sabon ɗakin, ba baƙi ba. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma." Godiyar nan ta fi komai ba ni haushi. An kashe mata abin da ya rage na uwarta, an ce ta shiga ta kwanta a kansa, kuma ita ce mai godiya!

Da yamma ta kira ni gindin keke. Ina jiran faɗa, sai ta tambaye ni abu ɗaya: "Kin gaya masa?" Na ce na gaya masa. Ta ce, "To, kin riƙe amana." Ta juya ta ci gaba da ɗinki, na ga ɗigon ruwa yana sauka a kan yadin. Duk da haka mun shuka ƙwayoyin a kasko, mun yi ta ba su ruwa damina guda, ba abin da ya fito sai ciyawa. Baffa ya wuce wata rana ya leƙa, ya ce ƙasar garinmu ce ba ta karɓi abin ba. Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa yarinyar nan ta faɗa ba. Su Maman Dung kuwa ba su daɗe ba suka koma Jos, kuma ban sake jin labarinta ba.

Yanzu gidan namu ɗakuna ne reras har bakin katanga, cike da ma'aikatan da ke sammakon bin mota zuwa Abuja. An sare mangwaron, an rufe rijiyar, babu ƙasar da kaza za ta tona balle yaro ya dasa wani abu. Sitiroberi kuma ya zama abin da samari ke bin motoci da shi a 'yan robobi lokacin sanyi, jikokina su ci su watsar da saura. Suna mamakin me ya sa ba na ci. Baffa ya riƙe mu da gaskiya, ya ciyar da mu, ya aurar da mu, ina yi masa addu'a kullum, Allah Ya jiƙansa. Amma in na je gidan gaisuwa, mai hayar ɗakin da aka gina a kan lambun nan ta ɗaga labule ta ce in shigo in sha ruwa, daga bakin ƙofa nake tsayawa. Har yau ban iya taka daɓen nan ba.