Shaidar da na bayar a kan Yaya

Shekara bakwai na yi ina dama wa mutum biyu fura, ban taɓa jin sun yarda da juna ba ko sau ɗaya. Ɗaya mijina ne, Malam, mai karantar da yara a zaurenmu na Dakoro. Ɗayan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gari duka ke kira Soja tun da ya dawo daga yaƙin Nasara. Abin da suke musu a kai kuwa ba gona ba ne, ba gado ba ne. Malam ya ce akwai Allah, Yaya ya ce babu.

Su biyun tare suka tashi a ƙauyenmu, can wajen Kornaka, a gaban malami ɗaya suka yi karatun allo. Malam da bakinsa yake faɗa, Yaya ya fi shi kai nesa ba kusa ba. Sai aka zo ɗibar samari, kowane ƙauye ya ba da nasa, aka haɗa da Yaya. Kafin ya dawo iyayenmu sun rasu, an yi mini aure, mun koma Dakoro a shekarun da Nasara ke gina bariki. Ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da wata tsohuwar rigar soja mai maɓallai, da tari, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Na yi kuka, na yi guɗa, na share masa bukka a cikin gidanmu.

Kwana bakwai ban ga ya taɓa buta ba, na ce gajiyar hanya ce. Ran Juma'a ta biyu Malam ya tsaya a bakin bukkarsa ya ce ya taso su tafi masallaci. Ina tsakar gida ina sussuka, da kunnena na ji amsar.

"Tahi abinka, Malam. Ba kowa can sama. Na duba."

Malam ya tafi masallaci, ya dawo, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa bayan la'asar, ya kira shi. Daga ranar aka fara, ba a kuma fasa ba.

Dakoro ta lokacin ba wani gari ba ce, rijiya ce da kasuwar dabbobi da bariki da gidajen zana, saboda haka kafin sati kowa ya ji. A bakin rijiya mata su yi shiru in na iso da tuluna. In Yaya ya yanka akuya ba mai taɓa naman, wai mushe ne, sai mu kira wani ya yanka mana dabbar da shi ya kiwata. Mata kuwa ko bazawara ba wanda ya yarda ya ba shi. Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar liman. Dattijo ne, ba mugu ba, amma ya zo har zaurenmu ya faɗa a gaban mutane cewa in Soja ya mutu a kan wannan magana, ba wanka, ba likkafani, ba salla. Za a haƙa rami a bayan gari a tura shi, a rufe. Tun daga ranar, duk tarin da Yaya ya yi sai gabana ya faɗi.

Su kuwa ko a jikinsu. Kullum la'asar sai su zauna, ƙwarya ɗaya, ludayi biyu, su ɗora daga inda suka tsaya jiya. Ni ina bayan zana ina aikina, ina ji ko ban so ba. Wata rana da kaka Malam ya shigo da zangarniyar gero ya ajiye a gabansa.

"Soja, dubi abin ga. Ƙwaya guda na jehwa cikin rairayi. Wa ya jera mata ɗiyan ga duka, ba wadda ta hau wata?"

"Kai ka jehwa, ruwa ya jiƙa, rana ta dahwa. Bara ma ka jehwa, hwara ta cinye. Wa ya aiko hwarar?"

"Shi dai."

"To mai ba ka da dama shi ƙwace da hagu, in mutum ne mi kake ce mashi?"

Malam ya ce ai ba mutum ba ne, shi ya sa. Yaya ya ce kullum nan ake ɓuya. Aka shiga ayoyi, Malam ya janyo ɗaya, Yaya ya ƙarasa masa ita har da gyara masa wasali, abin da ya fi komai ƙona wa Malam rai. Har aka kira magariba ba wanda ya matsa ko taki ɗaya. Malam ya tashi ya yi alwala, Yaya ya kwashe ƙwarya ya miƙo mini ta saman zana ya ce furar yau ta yi tsami.

Labarin yaƙi sau ɗaya ya taɓa ba da shi, shi ma Malam ne ya matsa masa. Ya ce suna cikin rami ɗaya da wani Bazabarme wanda bai taɓa sakin salla ba, ko a cikin sanyin ƙasar Faransi, in ruwa ya daskare sai ya yi taimama.

"Shina cikin sujada abin ya hwaɗo. Ni ina laɓe ina shan taba. Ni yatsu biyu na bari can. Shi kau ko abin da za a rufe ba mu samu ba."

"Shi ya samu shahada," in ji Malam. "Kai aka bar ka don ka tuba."

"Ka gani ko? In ya mutu ka ci, in ya rayu ka ci. Wace ƙohwa ka bar mani?"

"Kai hwa? In an yi ruwa ka ce hadari ne, in ba a yi ba ka ce ga shaida babu kowa. Ni wace ka bar mani?"

Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, Malam ya rage murya ya ce, in dai babu kowa, to haushin wa yake ji haka? Na tsayar da aikina don in ji amsa. Sai Yaya ya ce, "Kai nike jin haushi, Malam. Ka cika surutu." Suka ci gaba da shan furarsu.

Gaskiya na gaji. Na gaji da hujja, na gaji da amsar hujja, na gaji da jin zancen rijiya da taurari da yadda saniya ke gane ɗanta a cikin garke, da yadda Yaya ke juye kowanne ya mayar. Ni ban taɓa shakkar Ubangijina ba, ban kuma taɓa buƙatar zangarniya ta tabbatar mini da shi ba. Abin da na lura da shi, su biyun daɗin abin suke ji. Malam yakan kwana yana shirya tambayar gobe kamar mai shirin zuwa kasuwa. Yaya kuwa duk garin nan ba mai zama da shi tabarma ɗaya sai Malam. Su suna jin daɗi, ni ce mai zuwa rijiya, ni ce kuma mai lissafin ramin bayan gari.

Wata rana da hantsi, Malam ba ya nan, na shiga bukkar Yaya na tsuguna.

"Yaya, don darajar iyayenmu. Ka bi sahu kawai. Ka duƙa in sun duƙa, ka tashi in sun tashi. Wa zai buɗe cikinka shi gani?"

"Auta, in akwai shi, ya san ƙarya nike. In babu shi, wa nike yi ma?"

"Ni," na ce. "Ni kake yi ma. Ni ba mutum ba ce?"

Ya dube ni, ya kau da kai, ya ce in bar shi ya huta. Na fito ina huci, na ce a raina wannan taurin kai ba daga yaƙi ya samo shi ba, na babanmu ne. Ranar da gangan na ƙi dama fura. Suka yi musunsu da ruwan randa, ba wanda ma ya tambaye ni dalili.

A damina ta bakwai tarin ya kwantar da shi. Lokotoro, likitan bariki, ya duba shi ya ba da ƙwayoyi, ya girgiza kai. Malam ya mayar da tabarmar cikin bukka, ya ci gaba daga inda aka tsaya, sai dai yanzu shi ke yawancin maganar, Yaya sai ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya kaɗa alamar bai yarda ba. Malam ya yi rubutu ya wanke ya kawo, Yaya ya sha, ya ce ƙishirwa yake ji, kada Malam ya sa wannan a cikin hujjojinsa.

Ranar da abin ya zo, an yi ruwa da asuba, maza duka sun fita noma, Malam ma ya ɗauki hauya ya tafi. Da hantsi na shiga da kunu na tarar numfashinsa ya sake. Na taɓa ganin irinsa a wurin kakarmu, ban tsaya tambaya ba. Na zauna na ɗora kansa a cinyata, na sa bakina a kunnensa na fara karanta masa kalmar shahada, a hankali, yadda ake yi. Na yi ta maimaitawa. Ya buɗe ido ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi, na koma kunnensa.

"Yaya, ka ce. Sau guda. Ba mai ji sai ni."

"Ki bari, Auta," ya ce. "Ban taɓa yi maki ƙarya ba."

Bai ƙara cewa komai ba. Na ci gaba da karantawa ni kaɗai har hannunsa ya saki nawa. Na rufe masa ido, na ja zane na lulluɓe shi, sannan na fasa kuka.

Maƙwabciyata ta ji, ɗanta ya ruga gona ya kira Malam. Kafin azahar ƙofar gida ta cika da maza, amma ba wanda ya shigo. Ba a ɗora ruwan wanka ba, ba a aika a yanko likkafani ba. Ana ta gyaran murya ana duban ƙasa. Rana ta take, ga zafin bayan ruwa, kowa ya san gawa ba ta jira. Ta ramin zana ina hango Malam tsaye da hauya har yanzu a hannunsa, laka har gwiwa, ya zama kamar ba shi ne mai bakin nan ba. Shekara bakwai yana magana, ranar da ake buƙatar magana ba shi da ko ɗaya, don bai kasance a wurin ba, kuma shi ba ya shaidar abin da bai gani ba.

Liman ya matso jikin zana ya yi sallama, ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce:

"Ɗiyata, ke ɗai ke wurin. Ki ji tsoron Allah ki hwaɗi abin da kika ji. Ya cika da kalma?"

Na ji tsoron Allah, wallahi na ji. Na san abin da ake cewa a kan mai shaidar zur. Amma na waiwaya na ga ƙafafun Yaya sun leƙo daga ƙarƙashin zane, na tuna su ne suka goya ni zuwa gona ina ƙarama in ƙaya ta soke ni.

"Ya yi," na ce.

"Ke kika ji da kunnenki?"

"Da kunnena."

Sai na ji kabbara ta tashi a waje. Nan da nan gida ya motsa, masu ɗebo ruwa suka ɗebo, aka kawo farin ƙyalle, Malam da kansa ya yi masa wanka. Mutanen da suka ƙi cin yankansa su suka yi ta rige-rigen ɗaukar makara. An ce sahu ya yi tsawo har bakin hanya. Ni ina cikin ɗaki mata sun kewaye ni suna ce mini barka, ya yi kyakkyawan ƙarshe. Na ɗauka shi ke nan, na sayi abin da nake so, saura tsakanina da Ubangijina.

Ban yi lissafi da Malam ba. Bayan la'asar ya dawo daga maƙabarta, ya jira mata suka ragu, ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Idonsa ja wur, amma fuskarsa cike da wani farin ciki da ban taɓa gani a wurinsa ba, ko ranar da aka haifa mana ɗan fari.

"Hwaɗa mani yadda ya yi ta," ya ce. "Da ƙarhi ko a hankali?"

"A hankali."

"Bai ce komi a kaina ba?"

Na dube shi. Da ya zo da tuhuma, da na faɗa masa gaskiya mu ɗauki kayan tare. Amma ya yarda, har cikin ransa ya yarda. Na ce, "Ya ce a gaishe ka." Malam ya rufe fuska da hannun riga ya yi ta kuka yana hamdala, yana cewa ashe wahalarsa ba ta tafi a banza ba.

Malam ya rayu shekaru da yawa bayan haka, har Nasara suka tafi suka bar mu. Duk baƙon da ya zo zaurenmu, duk matashin da ya dawo daga lakwal, makarantar boko, da tambayoyi a bakinsa, labarin Soja ne babbar hujjar Malam, ita yake ajiyewa sai ƙarshe. Mutumin da ya ga yaƙi, ya yi shekara bakwai yana musu, amma da ya hango gaskiya da idonsa sai ya sallama. In ya kai nan sai ya juyo wajen zana ya ɗaga murya.

"Ga ta nan da ranta, a kan cinyarta ya cika. Ko ba haka aka yi ba?"

Ni kuma in ajiye abin da ke hannuna in ce, "Haka aka yi, Malam."